Hayaƙin Tayoyi Ya Kwantar Da Inna

Assalamu alaikum Yaya Kabiru,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya iyali? Ina fatan Anti Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Ƙofar Guga sai godiyar Allah, amma raina a ɓace yake.

Inna ta kwanta asibiti. An sallamo ta, sai dai har yanzu da ƙyar take numfashi. Wani mahauci, Sabi'u, ya mai da filin bayan gidanmu wurin babbakar kawunan shanu, kuma da tsofaffin tayoyi yake hura wutar. Tun safe baƙin hayaƙi ke sauka tsakar gida, har cikin abinci. Ranar Laraba Inna na shanya, numfashinta ya sarƙe, ta zube. Likita ya ce hayaƙin ne ya tayar mata da asma.

Na je na same shi da kaina, na ce mashi, "Malam Sabi'u, tsohuwarmu ta kusa mutuwa." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Hajiya, iska ke kai shi, ba ni ba."

Mai unguwa ya ce a yi haƙuri. Na gaji da haƙurin. Ka kira Kawu Lawal ya sa baki a tashi wutar, maganarka yake ji. In ba a tashi wutar nan ba, zan ɗauke Inna daga ɗakin da ta haife mu, ko tana kuka.

Ku sa ta a addu'a. Ka gaida mani kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza