Jan Biron Baba Bitrus

Zuwa ga Baba Bitrus, tsohon tafintan kotun majistare, a gidan 'yarsa Rahila da ke Zonkwa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ina fata wannan wasiƙa ta same ka cikin sauƙi, kai da Mama Laraba da Rahila da yaranta. Mu ma nan Makera lafiya lau, sai zafin nan da ke zuwa gab da ruwan farko.

Zan faɗi abin da ya kawo ni tun daga sama, yadda aka koya mana rubuta labari. Littattafanka sun kusa ƙarewa, kuma a hannuna suke ƙarewa.

Na sa wasiƙar a shafina ne saboda dalili biyu. Mutane suna ta tambayata ina dattijon nan na Unguwar Boro mai bencin littattafan doka ya shiga. Sannan a waya na kasa faɗa maka. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama harshenka, duk Lahadi idan Rahila ta kara maka waya a kunne, kalma ɗaya ce ke fita sarai daga bakinka: "Littattafai?" Ni kuma sai in koma gaisuwa, in tambayi jiki, in tambayi Mama. Na bar wa Rahila zaɓi. In ta ga za ka iya ɗauka, ta karanta maka.

Ka tuna ranar da muka fara magana. Ina sabon ɗan jarida, an tura ni ɗauko rahoton kotu, kai kana tsaye gefen akawu kana fassara. Aka kira wani tela daga Kakuri da ya tsaya wa maƙwabcinsa beli, maƙwabcin ya gudu. Telan ya yi ta rantsuwa cewa shi taimako kawai ya yi, bai san sa hannun nan ya ɗaure shi ba. Da aka tashi na tarar da kai a baranda kana share zufa. Ka zaro wani ɗan littafi daga aljihun riga, bangonsa ya koma kalar ƙasa, an buga kuɗinsa da sule da kwabo. Da Hausa aka rubuta shi tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa, kuma a shafi na biyu an bayyana abin da ake nufi da tsaya wa mutum beli, da kalmomin da kowa zai gane. Ka ce mini, "Malam Ɗan Jarida, an taɓa rubuta wa telan nan amsarsa tun kafin a haife shi. Ba wanda ya kai masa."

Daga ranar na zama ɗan rakiyarka. Ba manyan kundaye masu bangon fata kake nema ba, irin waɗanda lauyoyi ke jerawa bayan kujera. Ƙananan kake so, waɗanda aka rubuta wa manomi da ɗan kasuwa da matar da mijinta ya rasu: abin da za ka yi in ɗan sanda ya kama ka, yadda ake barin wasiyya, haƙƙin ɗan haya, yadda ake ɗaukaka ƙara in ba ka yarda da hukunci ba. Wasu da boko, wasu da ajami, wasu da Turanci mai sauƙi. A cikin wasu har da zanen mutum da hularsa a hannu yana tsaye gaban alƙali, an nuna masa inda zai tsaya.

Mun shiga gidajen tsoffin akawunan En'e bayan an yi sadakar bakwai, mun tsuguna gaban 'yan bola jari muna tona buhu. Akwai wata la'asar a Kakuri da ka sayi tsire, ka buɗe takardar, ka tsaya cak a tsakiyar titi. Shafi ne daga wani littafi kan rabon gado. Ka koma wurin mai tsiren ka ce ya fito da sauran. Ya dube ka daga sama zuwa ƙasa ya ce, "Baba, naman ka zo saya ko takardar?" Ka ce takardar, naman ya ba Ɗan Jarida, ba a biya su albashi ba. Gaskiya ka faɗa, kuma na cinye.

Duk Asabar da hantsi kana fitar da benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanka, ka jera kwalaye. Mutane su zo da damuwarsu, ka zaɓo littafin da ya dace, ka karanta musu, wanda ya iya karatu ka ara masa ya tafi da shi. Ko a shekarun da garin nan ya rabu, kowa ya kwashe iyalinsa ya koma ɓangaren da ya ga zai iya barci, bencin bai rasa kowane ɓangare ba. Na ga Hajiya mai sayar da atamfa daga Tudun Wada zaune kusa da wani tsohon ma'aikacin masaƙa ɗan Kagoro, kowa na jiran a gama da ɗaya a zo kansa.

A nan ne muka yi saɓanin da ba mu taɓa warwarewa ba. Doka tana canjawa, littafi ba ya canjawa. Kai kuma ba ka yarda ka ba mutum abin da zai kai shi ya baro ba. Saboda haka duk sashen da ka tabbatar an sauya, ko daga bakin rajistara ko daga gazet ɗin gwamnati, sai ka ja masa layi da jan biro, ka rubuta a gefe: "An soke wannan. Ga yadda yake yanzu." Ka sa shekarar da ka yi gyaran. Wasu shafukan jan ya fi baƙin yawa.

Na sha gaya maka ka yi da fensir. Na karanta yadda masu adana tsoffin littattafai ke yi a wasu ƙasashe, ko da yatsa mai gumi ba sa taɓa shafi. Amsarka ɗaya ce kullum: "Fensir yana gogewa a aljihu. In ya goge, mutum ya je ya faɗa wa alƙali dokar da ta mutu, wa za a kulle, ni ko shi?" Sai ka ƙara da cewa kai ba gidan tarihi ka buɗe ba.

Ranar da za a tafi da kai Zonkwa, an riga an kwantar da kai a bayan mota, ka kama hannuna da hannunka mai lafiya, ka nuna ɗakin littattafan da haɓa. Na ce na ji, Baba. Na kwashi abin da ɗakina na Makera zai ɗauka. Sauran na bar su a can, mai gidan da kake haya ya ce zai ɗaga mini ƙafa har in samo musu wuri.

Na fara da lauyoyi. Wani da muka saba tun yana sabon shiga ya duba guda biyu cikin ladabi, ya ce, "Oga, abin sha'awa ne, amma me zan yi da dokar da aka binne? Ta yanzu ma a waya nake duba ta." Ban ga laifinsa ba.

Na je wani laburare. Matar da ke kula da wurin ta kama hanya ta nuna mini ɗakin ajiyarsu, da bokitan da suka jera ƙarƙashin inda rufin ke yoyo. Ta ce in ina ƙaunar littattafan nan kada in kawo su. Ita ma ban ga laifinta ba. Na rubuta wa wata jami'a, na bi sawu, aka ce takardar tana teburin wani da ya tafi hutu.

Daga nan na sa hotunan bangon a shafina. Wani dillalin tsoffin littattafai daga kudu ya kira ni. Ya ce shekara da shekaru yana neman irinsu, yana da masu saye da za su ajiye su a ɗaki mai sanyi inda gara ba ta shiga. Ya hau jirgin ƙasa ya zo da kansa. Ya wanke hannu kafin ya taɓa kwalin farko. Ya buɗe littafin belin nan, wanda ka nuna mini a baranda, ya ga jan biro. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Sai ya cire tabarau ya tambaye ni da Turanci wane ne ya yi wannan ɓarnar.

Na gaya masa ko kai wane ne, da dalilin da ya sa ka yi. Ya saurara har ƙarshe, mutum ne mai kirki. Ya ce ya fahimta, amma masu sayensa ba za su karɓa ba. Da a ce shafukan na nan yadda aka buga su, da ya kwashe duka a ranar.

Ya tsince 'yan kaɗan da ba su da ja ko ɗigo. Ka san su. Su ne waɗanda ba ka samu tabbacin gyaransu ba, don haka ka ɓoye su a ƙasan kwali, ba ka taɓa ara wa kowa ba. Na ba shi, ban karɓi komai ba. A cikin duk abin da ka tara, waɗanda za su rayu su ne waɗanda ba su taɓa taimakon kowa ba. Na juya maganar nan ta kowace fuska, haka take.

Ina cikin wannan zirga-zirgar mai gidanka ya samu ɗan haya. Ya ce ya kira ni bai samu ba, wataƙila gaskiya ne. Masu fenti suka fitar da kwalayen, 'yan bola jari suka auna a sikeli suka tafi da su. Da na isa ɗakin sai warin sabon fenti.

Bayan 'yan kwanaki na tsaya sayen ƙosai da safe a bakin titin Makera, wurin Maman Talatu. Ta naɗe mini, na karɓa, sai na ga rubutunka. Mai ya jiƙa shi amma yana karantuwa: "An soke wannan." Na tambaye ta inda ta samo. Ta nuna mini tulin da ke ƙarƙashin tire ta ce, "Takarda mai kyau ce, Malam, ta fi jaridarku shan mai." Na so in yi abin da ka yi wa mai tsire. Na duba tulin, an yayyaga shi gida huɗu-huɗu, an cakuɗa gado da haya da beli. Ba abin da za a haɗa. Na biya kuɗin ƙosai na tafi.

Duk wannan bai karya ni ba kamar zuwan Malam Sabo. Za ka tuna shi, mai Keke Napep ɗin nan na Unguwar Mu'azu da ka taɓa karanta wa abin da zai yi lokacin da aka kama ƙanensa. Ya bi tambaya har ya gano gidana. Mai gidansa ya ba shi notis ya tashi, yana so in ara masa littafin 'yan haya. Na ɗauko, na buɗe. Gyaranka na ƙarshe yana nan da shekararsa a gefe, tun kafin ka kwanta. Daga nan shafin shiru. Ban san abin da aka sauya tun lokacin ba. Ni rahoton kotu na iya, ban yi shekarun da ka yi kana sauraron kowace kalma sau biyu ba, sau ɗaya daga bakin alƙali, sau ɗaya daga naka. Na ce masa ba zan iya ba shi ba, ya nemi lauya. Ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce, "Lauya kuma? Ai don babu shi muke zuwa wurin Baba." Ya gaishe ni, ya ce in gaishe ka, ya tayar da kekensa.

Na zauna na daɗe da littafin a cinyata. Masu ajiya ba sa son su don ka gyara su. Masu bukata ba za su amfana da su ba don ka daina gyarawa. Ban ga hanya ta uku ba, Baba, kuma na nema.

Abin da ya rage yana nan a ɗakina, na ɗora kwalayen kan bulo. Gara ta riga ta sami ɗaya daga ƙasa. Bangon gabas yana tsatsafo da ruwa duk damina, ka sani, ka sha yi mini tsiya a kai. Wata rana ni ma za a fitar da kayana, wani ya tsinci ɗaya a cikinsu, ya ga jan rubutu mai tsafta, ya ɗauka an duba masa komai, ya nufi kotu da ƙarfin gwiwa. Wannan ne abin da ka fi tsoro duk rayuwarka.

Saboda haka Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, lokacin da ka saba fitar da benci, na sayo jan biro. Naka da na tarar a kwali ya bushe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, a cikin bangon kowanne na rubuta: "Wannan littafi ya tsufa. Kada ka je kotu da shi." Ni da na yi shekaru ina roƙonka ka yi da fensir. Kai sashe-sashe kake sokewa, ka rubuta sabo a gefe. Ni na soke duka, ba ni da abin rubutawa a gefe. Na belin nan na bari ƙarshe. Rubutun bai kai naka kyau ba.

Babana, ka yi haƙuri. Ka ba ni amana, ga inda ta tsaya.

Allah ya sassauta maka ciwon nan, ya sake maka harshenka ko da na gaisuwa ne da jikokinka. Allah ya saka wa Mama Laraba da Rahila da alheri kan jinyar da suke yi. Mutanen da suka zauna a bencinka suka tashi da sanin inda za su tsaya, Allah ya sa ba su manta ba. Malam Sabo kuma, Allah ya haɗa shi da wanda zai karanta masa gaskiya kafin wa'adinsa ya cika.

Ranar Lahadi idan Rahila ta kara maka waya, ba sai ka tambaya ba. Ka bar ni in gaishe ka kawai.

Ni ne ɗanka,
Malam Ɗan Jarida,
Makera, Kaduna.