Zuwa ga Kyari Mai Ganga, a Kan Kiɗan da Ba Shi Ya Yi Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga abokina kuma bawana, Kyari mai ganga, daga ubangidanka Buba na situdiyo, nan Difa. Ina gaishe ka gaisuwar wanda aka daɗe ba a gani ba. Ina tambayar lafiyarka, da ta wanda kake tare da shi, in kana tare da wani. Wayarka a kashe take tun ranar da ka tafi, ban kuma san inda zan aika wannan takarda ba, shi ya sa na shimfiɗa ta a fili. Wataƙila wani direba ko masunci ko mai fataucin tattasai ya karanta, ya tuna ya taɓa ganin wani dogon Babarbare mai karyayyen haƙori, riƙe da fatar akuya a naɗe.

Na ce maka bawana ne don in ga ko za ka yi zuciya ka fito ka rama. Ba ka taɓa barin Bafillace ya yi maganar ƙarshe ba.

Ka tuna yadda muka fara ɗaukar faifan ƙungiyarku. Habu, shugabanku mai waƙa, ya ce ganga za a fara ɗauka, jita da bas da murya a ɗora su a kanta daga baya. Ɗakin nawa kuwa ka san shi. Buhunan tattasai na liƙa a bango don su shanye amo, na wanke su na sake wankewa amma yajin bai fita ba. Duk wanda ya shigo sai ya yi atishawa. Kai kaɗai ne ba ka yi, ka ce hancin da aka haifa a bakin kogin Komadugu ba ya jin tattasai, sai hancin masu bin saniya.

Na kafa maka mikro uku na ɗaukar sauti, ɗaya a fuskar da kake duka da sanda, ɗaya a fuskar da hannunka na hagu yake taɓawa, na uku can bakin ƙofa don ya ɗebo amon ɗakin. Ka ci mini rai ranar nan. Makaɗin ganga bai san tsayuwa wuri ɗaya ba. Da kiɗa ya yi daɗi sai ka fara juyi, ka bar mikro yana sauraron bayanka. Na zana maka da'ira da alli a ƙasa, ka bi ta da ƙafa ka share. A ƙarshe da igiya na ɗaure mikron a jikin gangar, ka ce ai ga Bafillace ya samu maraƙin ɗaurewa.

Agogon kiɗa kuwa, ƙyas-ƙyas ɗin nan da nake sa wa makaɗi a kunne don kada ya yi sauri ko ya ja baya, cire shi ka yi ka miƙo mini. Ka ce, "Shi zai bi ni, ko ni zan bi shi?" Na ƙyale ka ina gunaguni, don na san wuyar da zan sha wurin haɗawa.

Waƙa ɗaya ta rage fatar ta fashe. Na ce ga kasuwa nan kusa, fata sai wadda ka zaɓa. Ka ce akuyar birni leda take ci, fatarta ba ta magana. Kawunka da ya koma Barwa lokacin da 'yan gudun hijira suka fara komawa gida yana da fata a ajiye, ka ce za ka je ka karɓo ka dawo kafin Juma'a. Lokacin ruwa bai gama cika Komadugu ba. Yanzu tattasai ya nuna, an tsinke, an shanya.

Kawunka ya ce ya ba ka fatar, ya raka ka har bakin hanya. Wani direba ya ce kamar ya gan ka a Tumur, da aka matsa masa ya ce bai tabbata ba. Mun je duk inda ake zuwa tambaya. An rubuta sunanka, an ce mu yi haƙuri.

Habu ya yi jira iyakar jira, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma an sa ranar ƙaddamar da faifan, waƙar ƙarshe kuma ba ta da ganga. Ya ce a kawo wani makaɗi. Na ce ba a ɗakina ba. Ya ce to a sa kiɗan na'ura. Na ce gara in zubar da kwamfutar a kogi. Ya ce, "To Buba, kai za ka kaɗa?" Ya fita ya bar ni da wannan tambaya.

Ga abin da na yi, Kyari, ka saurara da kyau. Na buɗe waƙoƙin da ka riga ka kaɗa, na shiga yanka dukanka ɗaya bayan ɗaya. Na ware duka mai ƙarfi na tsakiyar fata, na ware na gefe mai kaifi, na ware taɓawar hannun hagu, har ɗan karkarwar tsirkiyar da ke biyo bayan duka. Ka taɓa rera mini kiɗan waƙar ƙarshen da baki muna shan shayi, yana nan a kaina. Sai na shiga jera dukan bisa wannan kiɗa. Da farko ya fito a miƙe, ba rai, kamar ana daka a turmi. Na lura kai ba ka faɗa wa duka a kan lokaci daidai, kana ɗan jinkirta na biyu, ka kuma hanzarta in za ka juya. Na bi kowane duka ina ja da shi baya ko gaba. Na zuba amon ɗakin daga mikron bakin ƙofa. Na rage kaifin sanda inda murya za ta shiga, na buɗe wa ƙasan gangar hanya tsakaninta da bas. Na yi kwanaki a kai, in wuta ta ɗauke in zauna in jira ta.

Ranar da na gama, bayan azahar, na buɗe lasifika don in ji shi a iska. Zafi ya sa na bar ƙofa a buɗe. Ban san Ya Falmata tana tafe ba.

Ka san mahaifiyarka. Tun da ka ɓace take biyowa ta nan in ta taso daga kasuwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi gaisuwarku ta Barebari ta ce, "Wushe Buba, labari akwai?" In ce babu, ta ce Allah na nan, ta wuce. Ranar nan ban ji sallamarta ba, guɗa na ji. Ta yar da tiren kifinta a ƙasa ta shigo da takalmi, tana leƙa bayan ƙofa, tana leƙa ɗakin ɗaukar murya, tana kiran sunanka. Duk waƙoƙinka ta san su, ta sha jin su a nan. Wannan ba ta taɓa ji ba, kuma hannunka ne. Ba ta yi kuskure ba, hannunka ne.

Na ce, "Ya, ba ya nan." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ta dube ni, ta dubi titi, ta rage murya. Ka san yadda garin nan yake, wanda ya ɓace ta wajen can ya dawo, tambayar da zai sha ba kaɗan ba ce, shi ya sa wasu suke lafewa su ga yadda iska take kaɗawa. Abin da ta ɗauka ke nan. Ta kama hannuna ta ce, "Na gane, ɗana. Bakina ya rufe. Ka ce ma shi ya ci abinci." Ta tsince kifinta tana dariya tana share hawaye.

Me ya hana ni bin ta in faɗa mata? Kunyar nan tamu da kake yi mini ba'a a kanta. An rene ni a kan ba a duban babba a ido a ce masa ba haka ba ne. Na sunkuyar da kai ina jiran in samu kalma, kafin in ɗago ta sha kwana. Kuma wallahi rabon da in ga haƙoranta tun kana nan. Na ce a raina gobe zan faɗa mata.

Washegari na je neman waya ta mikro, na dawo na tarar da Ari mai kaɗa muku bas yana suɗe yatsa. Ashe Ya Falmata ce ta kawo maka burabusko da miyar kuɓewa da banda, ta ajiye a bayan ƙofa, shi kuma ya ga kwano ba mai shi. Da yamma ta zo ta buɗe murfin, ta ga wayam. Ta rungume kwanon a ƙirji ta tafi.

Daga nan kullum kwano. In na bari da abinci, ta ce ko ba ka da lafiya ne, ta ƙaro da magani a ƙulle. In na juye, na ƙara wa ƙarya ƙarya. Gaba kura, baya siyaki. Ta daina zuwa wuraren tambaya. Ta aika wa ƙanwarta ta Gagamari cewa a bar saukar Alƙur'anin da ake shirin yi maka, ba ta faɗi dalili ba. Sai ga shi na ji ta kai atamfa wurin tela, wai za ta sa ranar ƙaddamar da faifai, don ta tabbata ranar za ka fito gaban jama'a da gangarka, ba mai iya taɓa ka. Na daina cin abinci, Kyari. Ko shayi ba ya wuce mini.

Jiya na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Da ta kawo kwanon na ce ta shigo ta zauna. Na ba ta kujerata, ni na durƙusa a ƙasa. Na buɗe kwamfutar na nuna mata guntayen nan a jere. Na danna ɗaya, ya ce tim. Na sake dannawa, ya sake cewa tim, daidai irin na farko. Na nuna mata tsohuwar waƙar da na yanko shi. Na cire shi daga sabon kiɗan, ta ji gurbinsa. Na mayar, kiɗan ya cike. Na ce mata tun ranar da ka tafi ban sa ka a ido ba, ban ji muryarka ba, kuma abincin nan ba kai kake ci ba. Ban dube ta ba, ƙafafunta nake kallo.

Na zaci za ta zage ni. Da ta mare ni da na ji sanyi. Sai ta ce in sake sa mata tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan gwiwa yana bin kiɗan. Da ya ƙare ta ce, "Buba, kai gwani ne. Tun da ka iya haɗa hannunshi ya yi abin da bai yi ba, to haɗa mani muryarshi. Ya faɗa mani wurin da yake. Ko rai, ko mutuwa, ya faɗa mani in sani."

Ba gatse take yi ba. Ta gyara zama tana jira in fara.

Kyari, na duba. Bayan ta tafi da kwanonta a rufe, na bi duk abin da mikro ya taɓa ɗauka daga bakinka. Ina da "mu sake." Ina da "ɗaga mini jita." Ina da tarinka, da dariyarka, da zagin Fulani mai cika buhu. Na juya su ta kowace fuska, babu sunan gari ko ɗaya a ciki. Ta ce za ta dawo ta ji ko na gama, kuma ban san abin da zan sa mata ba.

Don Allah, don Annabi, in kana da rai ka yi motsi. Ba sai ka zo ba. Ba na son fatar, ba na son gangar, faifan ma in ka ce a ƙone shi zan ƙone. Ka ari wayar wani ka kira, ko numfashi ka yi ka kashe, zan gane ka, kunnena ya san ka. In tsoro ne ya riƙe ka, ka aiko da kalma ɗaya ta bakin wanda ka yarda da shi. In wasu ne suka riƙe ka, ina roƙonsu da girman Allah, makaɗi ne, bai taɓa riƙe abin da ya wuce sandar ganga ba. In kuma ka riga mu gidan gaskiya, ɗan'uwana, to wanda ya wanke ka ko ya rufe ka ya ji tausayin tsohuwar nan ya faɗa mana wurin. Za ta iya ɗaukar mutuwarka, na ga ƙarfinta jiya. Wannan jiran ne yake cin ta, ni kuma na ƙara mata da hannuna.

Allah Ya tsare ka in kana bisa ƙasa, Ya yi maka rahama in kana ƙarƙashinta. Allah Ya kai wannan takarda ga idon da ya gan ka na ƙarshe, Ya kwance harshensa. Allah Ya sanyaya zuciyar Ya Falmata, Ya ba ni abin da zan faɗa mata in ta yi sallama a ƙofar nan. Amin.

Na janye kalmar nan ta bawana. Kai ne ubangida, ni ne bawa, na rubuta a gaban kowa. Ka zo ka karɓa.

Naka,
Buba na situdiyo, Difa.