Matuƙin Jirgi a Gonar Bi Riziki

Bi Zuhura, don Allah ki taimake ni kafin iskar Kusi, wadda ke kaɗowa daga kudu 'yan watanni a shekara, ta ɗauke, don idan ta ɗauke ban iya wasan kait na zamiya a kan teku ba, na rasa matar da nake nema.

Ni mutumin Paje ne, a bakin teku, na haura arba'in, matata ta rasu da daɗewa. Tun ina yaro nake tuƙa ngalawa, ƙaramin jirgin ruwanmu mai filafilai, iska kuwa na san ta kamar yadda na san ƙofar gidanmu. Shi ya sa da nake ganin baƙi suna zamewa bisa ruwa a kan allo, laima tana jan su daga sama, na bugi ƙirji a majalisarmu na ce kwana uku ya ishe ni. Kombo, wanda a dā ni na koya masa teku, yanzu shi ke koyar da wasan, ya ba ni aron kaya.

Yau mako na uku. Abin da na ƙware a kai shi ne shan ruwan gishiri. Da laimar ta fizge ni sai in damƙe sandar da ke riƙe da igiyoyinta in jawo ta jikina, ita kuma ta ƙara haukacewa. Kombo har muryarsa ta dishe da cewa, “Kaftin, saki!” To ni a jirgi wanda ya saki igiya ai bai sake bin mu ba.

Ranar Laraba laimar ta ja ni rub da ciki, kamar buhu, har cikin gonar ciyawar teku ta Bi Riziki, bazawarar da na daɗe ina aika mata kifi mafi kyau a kamuna. Na tuge mata turaku layi guda, ciyawar ta bi ruwa. Ta tsaya da zanen kanga ɗaure a ƙugu, ta dube ni ta ce, “Kaftin, masu nemana ta ƙofa suke zuwa, kai ne na farko da ya faɗo daga sama.” Matan gonar har da riƙe ciki. Sannan ta ce ran da na wuce ta gabanta a tsaye kan allon, kafin Kusi ta ƙare, ran nan zan ji amsarta.

Ina sonta, kuma kunya ta hana ni bin ta hanyar gonar. Wai kwana nawa mutum ke yi kafin ya iya abin nan?

Kaftin Jiƙaƙƙe, Paje

Kaftin,

Na tambayi masu koyarwa. Sun ce mafi yawan mutane kan miƙe a kan allo bayan 'yan kwanaki na darasi, amma ka tafi ka dawo inda ka taso, wannan sai an yi makonni, wani ma sai wata kakar iskar. Kai naka zai fi tsawo, don baƙon da bai san komai ba koyo kawai yake yi, kai kuwa sai ka fara mantawa tukuna. A jirgi riƙo ke ceton rai. A nan jawo sanda ƙara wa laima ƙarfi ne. Ka ajiye allon, ka tsaya a ruwa iya ƙugu, ka yi ta saki har hannunka ya yarda. Ka kuma bi maganar Kombo, ko da kai ka yaye shi.

Amma kada ka kuskura ka gwada bajinta kusa da gonar. Igiyoyin nan suna yanka, mata kuma a duƙe suke aiki. A nan Bi Riziki ba ta yi tunani ba da ta ce ka wuce ta gabanta. Kai ma ba ka kyauta ba: ka tuge mata abincinta, sannan ka ɓuya.

Gobe idan ruwa ya janye, sari turaku, ɗauki igiya, je ka kafa mata layinta da hannunka, ko da za su yi maka dariya. Ɗaurin igiya dai babu mai koya maka. Kuma ka lura, macen da ta yi niyyar cewa a'a, a tsaye take faɗa nan take, ba ta ba mutum kakar iska guda. Ka shiga ta ƙofar da ta nuna maka.

Allah ya sa in ci shinkafar bikin.

Bi Zuhura