Hutun da Cyril Bai Kawo Ni Ba

Jasper, Alberta

Zuwa ga Yaya Bernadette,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama, yaya yara? Ni lafiya lau, aikin otal ba wuya. Masoya dai sun cika gari, kowa riƙe da hannun wani cikin dusar ƙanƙara.

Kullum abokan aikina musu suke kan finafinan soyayya na Kirsimeti. Jiya wata Marisol ta ce, "Ƙarya zalla! Wa ta taɓa tsintar miji a wajen sayen bishiya?" Na buɗe baki zan ce haka maigidana Cyril yake faɗa, sai na ji dariyarsa a bayana, wannan ta hanci. Na waiga, ba kowa.

Kin san nan ya yi alkawarin kawo ni hutu kafin teku ya cinye shi. Ɗakin da ya nuna mini a hoto, ni ke gyara shi yanzu. Nakan jera matasai biyu in fito da sauri.

Kada Mama ta ji. Allah ya tsare ku. Ki aiko mini da rigar sanyinsa mai ruwan toka, amma don Allah, Yaya, kada ki wanke ta.

Ƙanwarki,
Noreen