Teburin Baba Ya Karkata Mini Hannu

Malam, don Allah ka taimaka mini, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni nake tsaron shagon sinuka na yayana, wasan nan na jefa ƙwallaye a rami da sanda a kan tebur. Tebur ɗaya ne tal, kuma mahaifinmu, wanda kafinta ne, shi ya ƙera shi da hannunsa kafin ya rasu. A kansa na koyi riƙe sanda. A unguwarmu ba mai ja da ni, har Sarkin Tebur suke ce mini, ni kuma na hau na zauna.

Kwanaki wani abokina ya ja ni wani gidan wasa mai sababbin tebura. Malam, na sha kunya. Ƙwallo tana bakin rami, wadda ko makaho zai jefa, in buga ta wuce ta hagu. Da na dawo shago na gangara ƙwallo a hankali a kan namu, sai na ga tana zamewa dama, wajen ƙofa. Ashe shekara da shekaru hannuna yana rama wannan karkata ban sani ba. Kifin rijiya ne ni.

Na gaya wa Yaya. Fuskarsa ta canza, ya ce aikin Baba ba mai sa masa ƙusa muddin shi Yaya yana raye, kuma wai iyawa ce ta sa na fara ganin laifin mamaci. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, mu da muke cin abinci a kwano ɗaya.

Ga shi 'yan unguwa sun riga sun kai sunana gasar da za a yi a wancan gidan, suna ta cika baki. Ba ni da damar fita in yi atisaye a wani wuri, ni ke buɗewa ni ke rufewa. In na buga a namu ƙara lalata hannuna nake, in na bari hannun ya mutu. Gaba kura, baya sayaki. Wallahi har na fara tsanar ƙarar ƙwallayen nan, kuma ina jin nauyin Baba a kan hakan. Yaya zan yi?

Naka,
Sarkin Tebur Ɗaya

Amsa:

Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kada ka ga baiken yayanka. Kai tebur kake gani, shi kuwa abin da ya rage masa na Baba yake gani. Amma kai ma ba ka yi rashin kunya ba don ka faɗi abin da idonka ya gani.

Mu fara da hannun. A gida, kwantar da kwalba a kan benci, ka sunkuya yadda kake yi wajen wasa, ka riƙa tura bakin sanda ciki kana fitar da shi ba tare da ya taɓa gefe ba. Kwalba ba ta san sarauta ba, za ta gaya maka gaskiya. A shago kuma, kafin mutane su zo, ka bar bugu mai laushi daga nesa, don a nan karkata take cin mutum. Jera farar ƙwallo da wata kusa da rami, miƙe sak, ka buga da ɗan ƙarfi yadda farar za ta tsaya cak inda ta sami 'yar'uwarta. In ta tsaya, ka ƙara nisa kaɗan. Kada ka ɗago kai sai ƙwallo ta faɗa. Kullum kaɗan ya fi yini guda sau ɗaya.

Sai maganar da ta fi damunka. Ka ce ƙwallon tana nufar ƙofa. Magina sukan karkata daɓen shago wajen ƙofa don ruwan wanki ya fita. Ban ga shagonku ba, amma kafin ka sake cewa uffan, ajiye ƙwallo a ƙasa kusa da ƙafar teburin ka gani. In ta kama hanyar ƙofa, kira Yaya ya ajiye ta da hannunsa. Ɗan katako a ƙarƙashin ƙafafu biyun da ke wajen ƙofa ya isa, ba ƙusa ba zarto.

Gasar kuwa ka je. Mai yiwuwa a cire ka da wuri, 'yan unguwa su yi surutunsu su gaji. Amma ka fara da ba Yaya haƙuri, don da ka ce tebur ya karkata, shi abin da ya ji shi ne Baba bai iya aiki ba. Ina kyautata zaton mahaifinku ya ƙera tebur miƙaƙƙe, ƙasar da kuka ɗora shi ce ba ta yi masa adalci ba.

Allah ya miƙar maka da hannu, ya mayar da ku kwano ɗaya.