Baba, Shinkafarka da Tokar Inna

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya kai haske kabarinka, ɗanka Sabi'u ne.

Baba, na gaji. Jar shinkafar nan taka mai ƙamshi, wadda 'yan kasuwar Dawanau ke tambaya da sunanka, tun da ka tafi take ja da baya. Da an dasa ta sai ta tsaya cak, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo kamar tsatsar tsohon kwano. Na zuba mata taki har na rasa na zubawa, ko gezau. Bana ɗan irin da ya rage mana na shuka shi kaf. In ta mutu, shi ke nan, babu mai irinta a garin nan.

Ka tuna yadda kake ɗora mana kwandon toka mu kai fadama? Kana gaba da fartanya a kafaɗa, kana cewa, "Ku zuba da yawa, kada ku yi mata rowa." Kuma ba ka yarda ruwa ya bar gindinta.

Malamin gona ya zo daga Bici, ya tsuguna ya duba ganyen. Ya ce ba yunwar taki ba ce, wani sinadari ne ya yi mata ƙaranci, wai shi zinki. Tokar da ta taru shekara da shekaru, da ruwan da ke kwance, su suka hana saiwar jansa. Ya ce in sallami ruwan, in yi feshi, in daina kai toka. Wallahi raina ya ɓaci, kamar ya zage ka. Amma na yi, Baba.

Inna ce ban san yadda zan yi da ita ba. Kullum da safe ita ke kwashe murhu da kanta, da ciwon bayan nan nata, ta miƙo min kwandon ta ce, "Kai wa Malam." Kai take nufi, Baba, ba ta cewa fadama. Sai in karɓa da hannu biyu, in zagaya bayan danga in zubar.

Jiya na ga sabon ganye kore shar ta gefen gabas. Da na gaya mata ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ai na sani, tokar Malam ba ta ƙarya."

Yau kwando biyu ta ba ni.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya raya mana irin nan, Ya bar min Inna da kwandonta.

Ɗanka,
Sabi'u