Makokin Mai Rai

Neiafu, Tonga

'Yata Lesieli,

Gaisuwa mai yawa, Ubangiji ya ba ki ƙarfin zuciya. Ɗana Semisi ya bugo waya yana kuka. Ya je asibiti can Brisbane duba mahaifiyarki bayan aikin da aka yi mata a ka, ya tarar an sauke labule, an kashe fitilu, tana lulluɓe ba motsi. Daga bakin ƙofa ya juya. Mun sa baƙaƙen kaya, mun ɗaura tsofaffin tabarmi a ƙugu kamar yadda muke yi in an yi rasuwa, an ware aladun da za a yanka a makoki. Kada ki ɓoye mana, yaushe za a kawo ta gida?

Kawunki,
Sitaleki

Brisbane

Kawu,

Ina gaishe ku duka. Ku kwance tabarmin nan, Mama tana nan da ranta! Semisi sarkin gaggawa, ko ma'aikaciyar jinya bai tambaya ba, ya ga duhu ya ari na kare.

Kafin aikin an ba ta wani ruwa ta sha, wanda yake taruwa cikin ƙarin da ke ƙwaƙwalwarta. Da likita ta haska shuɗiyar fitila sai ƙarin ya yi ja kamar garwashi, wata na'urar hoto mai kaifin gani ta fito da shi a allo, har burbushin da ido ba ya kamawa. Abin da ya haska kaɗai aka cire. Sai dai ruwan yana sa haske ya ƙona fata, shi ya sa aka ajiye ta a duhu.

Babban tsoronmu, ƙarin yana dab da inda magana take fitowa. Kuskure kaɗan, ta tashi bebiya. Da ta buɗe ido na matsa kusa da gadonta. Ta daɗe tana kallona, can ta ce, "Ke, wa ya yi miki wannan mummunan kitson?" Kawu, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Kuka na yi har da majina.

'Yarka,
Lesieli

Brisbane

Sitaleki ƙanena,

Ina gaisuwa. An ce ka yi kukana a gaban jama'a. Tun muna yara nake neman ganin hawayenka, sai da ba na nan ka zubar, marowaci.

Likita ta ce hoton kaina ya fito fes. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun bai gama dawowa ba, amma ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Ka gaya wa shugaban mawaƙan coci kada ya kuskura ya ba wata wurina. Muryata tana nan.

Yayarka,
Kalolaine